Rabin Shayin Cakko

A Alappuza, inda ruwa ne titi,
nan rumfata take, bakin mashigar kwale-kwale.
Shekara talatin da ɗaya ina dafa shayi
ina sauraron masu gyaran duniya
da kuɗin kofi guda.

Saura kwana tara zaɓe,
damina na dukan kwanon rufi ba sassauci.
Jarida ɗaya, hannu shida.
Cakko mai tufka igiyar kwakwa
ya ɗora yatsa kan hoton ɗan takararsa:
"Wannan ne zai gina mana gada."
Muka bushe da dariya.
Gadar da tun ina saurayi ake ginawa da baki!

Sai Nawas, ɗan ƙanwata,
wanda gemunsa bai gama shawarar fitowa ba,
ya laluba aljihu, hujja ta ƙare,
ya zaro abin da hannu ya fara taɓawa:
"Ku 'yan coci, ai fadanku ke dangwala muku.
Me mai gicciye ya sani a kan garin nan?"

Cokali ya tsaya a hannuna.

Cakko bai ce uffan ba.
Ya shafa ɗan gicciyen wuyansa
kamar mai duba ko wurin ya yi jini,
ya ajiye rupi goma gefen faranti,
ya shiga ruwa bai buɗe lema ba.
Ko rabin shayin bai sha ba.

Na ce da yaron:
Ɗana, ni ma ba mutuminsa zan zaɓa ba.
Ɓarawo ne, ɓarawo mai fararen haƙora.
Faɗa masa haka!
Kawo masa lissafin siminti,
tuna masa tsadar taki
da shinkafar da ta ruɓe a gona bara.
Kayar da shi a kan teburin nan,
ni zan biya maka shayi.
Amma sai wanda kokawa ta gagara yake kai cizo.
Wane malami ya biya maka cewa gori hujja ne?
Ba dai namu ba.
Kakan kakan Cakko yana kwance
bayan cocin da kake hange ta tagar masallaci,
kai da aka yanke wa cibi shekaranjiya
kake tambayar abin da ya sani?

Ya sunkuyar da kai, yana wasa da murfin tulu.
Magana zarar bunu.

Kwana uku gurbinsa a benci
sai kyanwa ke kwana.
Muhawara ta yi lami,
kowa na gyaɗa wa kowa kai
sai ka ce zaman makoki.

Rana ta huɗu na cika filas,
madara da yawa, sukari kaɗan, yadda yake so.
Na miƙa wa Nawas:
mashiga ta uku, gida mai shuɗiyar ƙofa.
Abin da suka ce da juna ban sani ba,
bai faɗa ba, ban tambaya ba.
Ya dai dawo bayan la'asar, filas wayam,
zaren kwakwa manne a wandonsa.

Da sassafe sai ga Cakko.
Ya kori kyanwa, ya shimfiɗa jarida.
"Ina muka tsaya? Gada."
Nawas ya ce, "Ba za a gina ta ba, Kawu."
"Ji yaro man kaza!" in ji Cakko,
ya tura masa farantin soyayyar ayaba.
Suka kaure har shayi ya huce.

An yi zaɓe. Nasa ya faɗi, namu ya faɗi,
wata malamar makaranta ta lashe.
Gada tana nan inda take, cikin bakin mutane,
kwale-kwale ɗaya ke tsallakar da mu,
su ran Lahadi, mu ran Juma'a,
kasuwa kuwa gaba ɗaya.

Rupi goman tana cikin gwangwani har yau.
Na ce ba na cin kuɗin shayin da ba a sha ba,
ya ce shi ba ya karɓar abin da ya riga ya biya.
Wannan gardamar ma
ba mu gama ta ba.