Wa Zai Sayi Riɗina?

A Herwagana nake cajin waya,
naira ɗari, komai mutuwar batir.
Faifan solar da ke kan rufi daga Sin ya zo,
soket ma haka,
har fitilar da nake haska ƙananan rubutun jikinsu.

Bayan la'asar benci ya cika.
Rediyo ta ce an yi faretin soja can gabas:
makamai masu linzami kwance a kan motoci,
jiragen ruwa suna kewaya wani tsibiri
kamar shaho a saman tsakar gida.

Malam Bappayo, tsohon ɗan ƙwadago,
wanda ko a sahun salla Kwamared ake ce masa,
ya kaɗa yatsa:
"Sharri ake musu!
Wanda aka sha fasa wa gida,
in ya sa ƙofar ƙarfe, shi ne ɓarawon?
Sun cika cikin talakansu, sun shimfiɗa dogo,
yau don sun wasa wuƙa
masu takubba ke kururuwa.
Ɗan kasuwa ba ya cinna wa rumfa wuta."

Sajan Lamela bai ɗago ba.
Gyaɗa yake ɓarewa
da hannun da yatsu uku suka rage masa.
"Kwamared, shekara ashirin da biyu ina saɓe da bindiga,
ban ga wadda aka saya don ado ba.
Ɗan damben da ya naɗe hannu
ba rawa ta kawo shi fage ba.
Sabon ƙarfi ƙaiƙayi gare shi."

"To tsohon ƙarfin fa?
Wa ya ƙirga garuruwan da ya mayar kufai?"

"Na ƙirga.
Shi ya sa ba na marmarin na biyu."

Wata waya ta yi ƙara, ta cika. Na zare.

"Ba za su fara ba," in ji Bappayo,
"mutane ne masu dafa dutse."
Sajan ya hure ɓawo daga tafinsa:
"Mai dafa dutse ma wuta yake hurawa.
Kuma babu wanda ke farawa, Malam.
Duk inda aka tura mu,
kowane ɓangare ramuwa ya ce yake yi."

Nan Goggo Jebbu ta shigo karɓar wayarta,
da ƙurar hanyar Dukku a gefen zane.
Ta tsaya, ta saurara, ta kwance bakin mayafi
tana laluben canji.
"Ku da kuka san duniya,
buhu tara na riɗi ke jingine a ɗakina.
Dillali ya ce can ake kai shi.
In sun yi yaƙin, wa zai saya?
In ba su yi ba, nawa ne mudu?"

Kwamared ya buɗe baki, ya rufe.
Sajan ya miƙa mata gyaɗa.
Ba ta karɓa ba, haƙori ya ƙi.

Hadari ya taso daga wajen Liji,
faifan ya rasa rana,
rediyo ta mutu a tsakiyar sunan tsibirin.
Aka kira magariba.
Bappayo ya bar jakarsa a hannun Sajan, kamar kullum,
ya ce, "Ban gama da kai ba."
"Ina nan. Ina za ni da wannan gwiwa?"

Ni kuwa ina naɗe wayoyi ɗaya bayan ɗaya.
A bayan wata caja na ga ɗan ƙaramin noti,
an ɗaure shi tsaf, ba karkata.
Wani ne ya ɗaure shi,
wataƙila sa'ana,
wataƙila shi ma uwarsa na jiran kuɗin wata.
Ban san sunansa ba.
Ina dai tunanin ko an riga an auna ƙafarsa,
ko takalmin sojan ya yi masa daidai.