Munafukin Aljihu

Shekara sha tara ina jan tankar ruwa a Jidda,
daga Karantina zuwa gidajen bayan gada.
Na san ramukan tsohon titin Makka kamar ƙuraje na,
ko magen bola ban taɓa takawa ba.

Bara idon hagu ya fara yana.
Fitila ɗaya ta taho, in ga biyu.
Na haɗiye abina,
ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
Barira ba ta ji ba, balle kafili,
direba mai ido ɗaya da rabi ba a barinsa kan sitiyari,
wannan ba sai malami ya fassara ba.

Ran Talata, bayan la'asar,
na ajiye mota nesa, na taka da ƙafa
zuwa wani ɗan asibitin ido a Bab Sharif.
Na biya riyal tsaba, ko rasit ban karɓa ba.

Kafin isha'i waya ta yi ƙara:
Marhaba Tanimu, tabarau rabin kuɗi.
Da asuba: kankarar yanar ido, biya sannu-sannu.
Da hantsi wata mai zaƙin murya daga inshora
ta gaishe ni da jiki,
ni da ko tsohuwata a Gezawa ban faɗa wa ba.

Wa ya kai gulmar?
Na ɗora wa Inuwa mai shayi,
kwana uku ina amsa sallamarsa a daƙile.
Ina zaton wuta a maƙera, ashe masaƙa ce ke ci:
yana nan aljihun gaba, kwance kan ƙirjina,
ni ke ba shi caji, ni ke sa masa kati,
dare ɗaya bai taɓa kwana da yunwa ba.

Muhsin, ɗana, haihuwar nan ne, ya ce,
Baba, ƙarafunan nan dogaye miƙa ka suke hannu da hannu.
Sun san inda kake kwana, da masallacinka,
da minti nawa ka tsaya a ƙofar wa.
A tara, a sheƙe, a auna mudu-mudu.
Na ce, wa ke saye?
Ya ce, wanda ya taya.
Ashe ni hatsi ne, ban sani ba.

Na je ofishinsu, na ja lamba, na zauna cikin sanyi.
Saurayin ya juyo mini da allo:
rubutu kamar jerin cinnaku, shafi bakwai,
a ƙasa, ga zanen babban yatsana.
Ya ce, ka amince, ya hajji.
Na tuna shagon Bab Makka, da ɗan gilashin da na dangwala.
Ran nan idona garau yake, ban karanta ba.
An ce gaɓɓai za su ba da shaida ranar tsayuwa,
nawa yatsan bai jira ba.

Tun ina ƙarami na san akwai biyu a kafaɗuna
masu rubuta komai.
Ban taɓa jin haushinsu ba.
Littafinsu a rufe yake,
ba a taɓa ganinsa a kasuwa ba.

Jiya kafili ya daɗe yana kallon fuskata,
ya tambayi lafiyar tayoyi.
Ko ya ji, ko tsarguwa ce, oho.

Barira kuwa ta ga saƙon, na tabbata,
don da dare ta ɗauke kofin shayi daga haguna
ta mayar dama, ta ci gaba da tsince shinkafa.
Ita ta sani ta rufe.
Su ko sunana ba su iya faɗa daidai ba.

Yanzu in zan roƙi rufin asiri bayan sallama
sai na kashe shi tukuna, na tura ƙarƙashin darduma.
Muhsin yana dariya.
Ko kashewar tana kashe shi,
bai ba ni amsa ba.