Kilo Hamsin da Huɗu

Ma'aikaciyar jinya ta ɗora Efraín a kan sikeli,
allura ta yi rawa, ta tsaya.
Kilo hamsin da huɗu. Shekara tara.
Ba ta dube shi ba, ni ta duba,
kallon da ake yi wa wadda ta bar tukunya ta ƙone.

"Me kike ba shi, Araceli?"
Na so in ce: peso talatin,
da makulli a igiya,
da sumba a goshi yana barci.

Biyar saura kwata motar kamfani ke zuwa,
Juárez na cikin bargo, ko karnuka ba su farka ba.
Awa goma sha biyu ina liƙa wayoyi
a cikin talabijin masu haye kogi.
Irinsu ne ke yi mini reno a gida
har in dawo.

Wake yana son awa uku a wuta.
Wa ya ba ni awa uku?
Uwata takan kwana da masara a jiƙe,
ta tashi ta niƙa, ta fyaɗa gurasa da tafin hannu,
muna ci tana kallon bakinmu.
Ni ban san motsin bakin ɗana ba,
sai ledojin da nake sharowa ƙarƙashin kujera,
da kwalaben lemo na shagon Don Eusebio.

Ni na hana shi ƙwallo.
Na ce unguwa ba tabbas,
kulle ƙofa, kada ka buɗe wa kowa.
Yaro ne mai jin magana.
Ya zauna.
Ya yi ta zama.

Ta miƙo mini takarda: ganye, kifi,
tattakin yamma tare da iyaye.
Na ninke ta huɗu, na cusa bayan katin aiki.
In na rage awa, haya ta cinye mu,
in na ƙara, ga sikeli.

Daren Lahadi na ɗora wake da albasa,
na ce bari in ɗan jingina.
Sai na farka da bargo a kafaɗata,
yana tsaye, rigar barci ta ɗame masa ciki.
"Mama, na kashe wutar.
Ban ci ba. Ke nake jira."

Agogo ya ce ƙarfe huɗu.
Saura minti arba'in da biyar.
Na ɗauko cokali biyu.