Tsirkiya Huɗu

Shekara arba'in da ɗaya ina tsaye wuri guda:
hagun mai ganguna, bayan mai rera waƙa,
inda fitila ba ta kaiwa sai bisa kuskure.
A hotunan bikin mutanen Port Talbot
za ka ga gwiwar hannu, wani lokacin rabin kunne.
To, ni ne.

Jitar bas ce, tsirkiya huɗu masu kaurin igiyar shanya.
Da albashin farko na masana'antar ƙarfe na saye ta,
tun hayaƙi na tare mana rana,
tun gashina na taɓa kafaɗa.
Gashi ya tafi. Tanderun da na yi wa bauta ya huce.
Ita tana nan, fentinta ya koɗe daidai inda tumbina ke gogarta.

Ƙungiya nawa? A ta goma sha bakwai na daina ƙirga.
Wata soyayya ce ta wargaza ta, wata kuɗin fetur,
wata kuwa ba wanda ya ce an watse,
wayar ce kawai ta daina ƙara.

Daren Asabar: yayyafi, tsohuwar motar Gethin mai tari,
akwatin lasifika mai nauyin ɗan maraƙi,
matakala ashirin da biyu zuwa saman mashaya.
Ƙuguna ya haddace su ɗaya bayan ɗaya.
Fam sittin da guntun burodi mai sanyi,
sannan mai wurin ya leƙo:
"Ku ɗan sassauta, ana kallon ƙwallo a ƙasa."

Aikin gishiri nake yi.
Wa ya taɓa ajiye cokali don ya yaba wa gishiri?
Amma wani dare a Neath waya ta tsinke mini tsakiyar waƙa,
na ga ƙafafu sittin sun ɓace hanya,
ango ya take amarya,
kowa na hararar mai ganga, shi da bai ji ba bai gani ba.
Na durƙusa ina ɗaurin waya da salatif,
ina dariya ni kaɗai.

Idwal ke nan, mai gangar.
Shekara ashirin da shida ƙafarsa ta dama
da ɗan yatsana suna sauka tare,
hirarmu kuwa ba ta taɓa wuce tayar mota da shayi ba.
A watan Fabrairu muka binne shi.
Yaron da ya gaji kujerar yana da hannu, ba laifi,
sai dai gaggawa, kamar wanda ya baro tukunya a wuta.
Nakan jawo shi baya da tsirkiya, sannu sannu,
yadda karen makiyayi ke juya tunkiya bai taɓa ta ba.

Likita ta ce ƙugin da ke kunnena ya zo ke nan.
Yatsu sun yi kanta, sanyi na cizon gaɓoɓi.
Nerys ta ce, "Emrys, sai yaushe?"
Na ce bayan Kirsimeti.
Kirsimeti tara ke nan.

Makon jiya, a saman mashayar nan dai,
wata tsohuwa da ji ya daɗe da yi wa sallama
ta taso da sandarta,
ta wuce mai waƙa, ta wuce mai ƙaramar jita da ke ta ƙwalisa,
ta ɗora tafin hannu kan akwatina.
Ta lumshe ido. Can sai kafaɗa ta ɗauka.
Na saukar mata da kiɗan ƙasa ƙasa,
inda sauti ke barin kunne
ya koma ƙashi.
Ba ta tambayi sunana ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi na naɗe wayoyi.
Ashirin da biyu, wannan karon gangara.
Gethin ya ce akwai biki a Maesteg ran sha huɗu, kuɗin ba yawa.
Na ce bari in duba littafi.
Babu komai a littafin.
Shi ma ya sani.