Mu Bakwai a Bayan Shagon Kiyari

Mu bakwai ne, in an ƙirga da Manzo
wanda shayi kawai ke kawo shi.
Bayan shagon gyaran rediyo, a Zango,
fitila ɗaya, da injin buga takardu mai tarin tsufa.

Mushe Tsahiru ya ce juyi ba ya kwana a tasha,
in ya tashi daga Damagaram sai bangon duniya.
Muka gyaɗa kai.
Ko kuɗin motar Mirya babu a aljihunmu.

Babbar jam'iyya ta ce mu 'yan Turoski ne,
gishirin da ya yi wa miya yawa.
Ranar taro a ba mu bencin baya,
ranar kamu a fara da mu.

Da damina muka rabu, huɗu da uku,
a kan kalma guda a shafi na biyu.
Muka daina gaisawa a Kasuwar Dole.

Da bazara matan Garin Malam suka fito da tuluna wayam,
famfo kwana ashirin ba ɗigo.
Ba su neme mu ba.
Amma abin da suke ta faɗa a ƙofar gwamna
ni na buga shi bara, da yatsa biyu.
Zuwaira ta tsince shi
jikin takardar da aka ƙunso mata ƙosai.

Yanzu Kiyari salula yake gyarawa.
Injin na ƙarƙashin tebur, kaza na ƙwai a kansa.
Jiya wajen jana'iza na ga Mushe.
Ya riƙe hannuna, ya daɗe,
ya ce, "Kalmar nan fa, har yanzu kuskure ce."