Ƙugiya

Ran Talata, in an tashi daga kamfanin kifi,
nakan hau benen ɗakin karatu na Peterhead,
ƙarni bai gama barin yatsuna ba
ko da na wanke su sau uku da lemon tsami.

Mu tara ne, Malama Ishbel ta goma.
Ta ce manyan kalmomi ba sa wahalar da kowa,
ƙananan ne ke maƙalewa a maƙogwaro
kamar ƙayar kifi.
Of. At. To. With.
Kowace siffa da 'yar ƙugiyarta,
kuma ba ta ara wa maƙwabciya.

Na so in ce na ƙware a gyaran kifi: good in.
Ta ce a'a, at ne.
Na ce don me?
Ta ɗaga kafaɗa: haka kakarta ma ta tarar.
Vytas direba ya buga tebur,
wai dokar hanya ta fi wannan tausayi.

Sai muka zo kan aure.
A harshenmu na Moldova tare da mutum ake aure,
kafaɗa da kafaɗa kamar shanun huɗa.
Na rubuta married with Grigore.
Jan biro ya sauka: to.
Wato zuwa gare shi.
Na buɗe baki zan yi gardama, sai na tuna
Grigore na can Soroca yana gyaran inabi,
ni ina nan, shekara huɗu ke nan.
Kuɗi na tafiya zuwa gare shi,
muryata na tafiya zuwa gare shi duk daren Lahadi.
Na bar jan biro da gaskiyarsa.

A gida 'yata Sanda, mai shekara sha ɗaya,
tana zuba su ba ta ko dubawa
kamar mai sa gishiri a miya.
Ita ke duba min aikin gida tana taunar fensir.

Jiya ta kawo sakamakon jarrabawa.
Na yi minti ashirin a kicin
da ƙamus da guntuwar takarda.
Na rubuta proud, na tsaya.
With? For? Tukunya na ta tafasa.
Na sa of, na sa you, na manna a jikin firji.

Da asuba, zan fita aiki,
na tarar ta yi masa alamar daidai
da wani jan biro da ban san inda ta samo ba.