Gorar Lagireto

Asabar, bayan la'asar, inji ya huce.
Na taɓa shi da bayan hannu kamar goshin mai zazzaɓi,
don Tanimu na Ƙofar Ruwa ya gargaɗe ni:
wanda ya buɗe murfi da zafi,
shi da tsohuwar fuskarsa sai a hoto.

Na ɗaga bonet, na tokare da guntun katako.
Ga gorar a lungunta.
An ce da fara ce.
Yanzu ta yi kalar haƙorin tsohon mai cin goro,
ba ka ganin ruwa, balle iyakarsa.
Tanimu ya ce in yar, akwai Beljiyam dubu shida.
Na ce a bari.
Ba don kuɗin ba.
To, har da kuɗin.

Filaya ta ciji kilif, tiyo ya ƙi saki,
na murɗa, na lallashe shi,
ya fita da ajiyar zuciya.
Abin da ya zubo a tsohon bokitin fenti
ya sa Hajjo ta bar aikin makarantarta ta leƙo:
"Baba, kunun kanwa ne?"

Ba kunu ba ne, 'yata.
Shekara goma sha ɗaya ce ta baffanki Sallau,
Bata zuwa Kabuga, Kabuga zuwa 'Yankaba,
mutum huɗu a baya, biyu a gaba.
Bai taɓa sayen koren ruwan nan na galan ba.
In allura ta hau, sai ya ratse gefe:
ruwan ɗan garuwa, ruwan leda,
ragowar butar alwala,
zartsin rijiyar surukansa a Ɗorayi.
Kowane ruwa ya tashi tururi ya tafi,
ya bar sallahu a gindin gora.

Na roƙi ruwan zafi a wajen Ladidi,
ta miƙo tana cewa tukunyar tuwo ce na rage wa.
Omo kaɗan.
Tsakuwa daga ginin maƙwabci, na ƙirga, goma sha tara,
don ko ɗaya ta maƙale, famfon ruwa za ta je ta ci.
Na toshe baki da tafin hannu, na girgiza.
Kacau, kacau, kacau,
har yaran layi suka tsaya ko rawa za a yi.

Zubin farko ja ne wur, kamar ƙasar bulo.
Na biyu ruwan shayi.
Na uku, na huɗu, kafaɗa ta fara ƙara.
Akwai kusurwar da tsakuwa ba ta kai,
na naɗa tsumman singileti a bakin waya
na bi ta kamar mai sakace.

Na juye tsakuwa. Goma sha takwas.
Na sake ƙirgawa. Goma sha takwas.
Ana kiran magariba a masallacin bakin titi
ina buga gora a cinya,
sai ga ta, ƙwal, a kan siminti,
ƙarama, mai taurin kai, irin mai motar.

Na ɗaga gorar ga sauran hasken yamma.
Ba ta koma fara ba, kada in yi ƙarya.
Amma layi biyu na kamfani sun fito,
na ƙasa da na sama.
Can bisa su, da ɗan yatsa guda,
ga wani layi karkatacce, zanen ƙusa.
Da ido ya daina gane na kamfani,
Sallau ya ja nasa.
Haka yake. Ko shayi zai zuba maka
sai ya malala a faranti.

Na mayar da tiyo, na ɗaure kilif.
Na fasa sabon galan, kore shar,
na zuba har layin sama, na tsaya.
Hajjo na riƙe da fitilar waya, hannunta na rawa.
"Ya isa?"
Tanimu zai ce ya isa.

Na ƙara, har zanen ƙusa.
Gorar rara ce, ta san aikinta:
abin da ya fi ƙarfinta
gobe za ta tofar a danjar Ɗan Agundi.